Neman Jar Kuɓewa a Kibiya

Tun da na dawo daga Kibiya, mutanen dakalin ƙofar shagona ba su bar ni na huta ba. Wannan ya ce in ba shi tsarabar ƙasar waje, wancan ya tambaye ni ko sai da aka yi mini allura kafin in shiga. Malam Garba mai goro har Alhajin Kibiya yake kirana. Na san tafiyar ba ta kai a yi mata labari ba, don daga Rano mai keke ma kan je ya dawo kafin azahar. Amma ni tela ne, duniyata daga keken ɗinki sai masallaci, kuma tun da mai ɗakina ta rasu cikin azumin da ya wuce ban ƙara wuce bakin kasuwa ba. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Ban yi nisa a boko ba, sai a yi haƙuri da abin da aka samu.

Sai na fara da abin da ya fitar da ni.

Marigayiya 'yar Kibiya ce. Ban saba kiran sunanta ba, 'Yar Kibiya nake ce mata, ita kuma ta ce mini Tela. Ta zo gidana da irin wata kuɓewa ja, doguwa siririya, wadda ban taɓa ganin irinta a kasuwarmu ba. Akwai ɗan fili a bayan ɗakinta, nan take shuka ta kowace damina. Irin kuwa cikin toka take ajiye shi saboda ƙwari, a wata 'yar tukunya a ƙarƙashin gado. Lokacin zaman makoki, matar ɗana Sani, yarinyar kirki da ta tashi a birni, ta shiga gyaran ɗakin. Ta ga tukunyar toka a ƙarƙashin gado, ta kai bola ta zubar, ta wanke tukunyar tas ta kife. Ban sani ba sai da ruwan shuka ya sauka, na durƙusa na laluba na tarar da wayam. Ban ga laifinta ba. A gidansu toka toka ce.

Cikin makon nan Sani ya zo daga Kano ya ce tunda filin ya zama na ciyawa, zai sa a sauke bulo a yi ɗaki. Na ce akwai shuka a wurin bana. Ya ce, "Baba, me za ka shuka?" Na ce abin da aka saba. Bai ja ba, amma na san in damina ta yi nisa ba komai a ƙasa, ba ni da bakin hana shi. Mutum ɗaya na sani da za a samu irin a hannunta, Yaya Abu, yayar marigayiya, a Kibiya.

Duk kaka 'Yar Kibiya takan je wurin yayar nan da ɗaurin busasshiyar kuɓewa, ta dawo tana ba da labari kamar wadda ta sauka daga Makka. Ga kukar da wanzami ke aski a cikinta, ga dutsen da ake hango garuruwan biyu, ga Bafulatana mai fura a kan iyaka. Nakan ce, "'Yar Kibiya, nan da can ne fa." Ita kuma ta ce, "Sai ka je tukuna." Alhali na sha zuwa, gaisuwa ko ta'aziyya, amma a mota, idona a rufe saboda gudun direba.

Wanda ya kai ni shi ne Sabo, taubashina, dillalin awaki. Yana da wani babur da ya sa wa suna Tsohuwa, kuma sunan bai zalunce ta ba. Da hantsi ya tsaya a ƙofar gidana yana ta hon.

"Na-ɗaka, fito! Ka yi sallama da maƙwabta, ka yafe wa kowa, ba a san dawowa ba."

"In kai ne direba, gaskiya ka faɗa."

Na hau. Sabo na da wata ɗabi'a da ban sani ba sai ranar: ba ya iya gaida mutum da hannu ɗaya. Duk manomin da muka wuce sai ya saki kan babur ya ɗaga hannu biyu, kuma ya san kowa, har da wanda ya sayar wa akuya mai tari. Kafin mu bar gonakin Rano na ƙare duk addu'ar da na iya, na koma farko.

Ni na ce ya nemo mana kukar nan. Ya waiwayo ya dube ni, abin da na roƙe shi kada ya sake yi, sannan ya saki kwalta ya bi wata 'yar hanya tsakanin gonakin dawa. Ashe gaskiyarta. Kuka ce ƙatuwa, cikinta kogo, mutum huɗu za su zauna ba matsi. Ga tabarma, ga zabira rataye, ga ɗan madubi an maƙale a jikin itacen. Wanzamin dattijo ne, yana zaune yana wasa aska. Ya ce ubansa ma a nan ya yi aski, ba haya, ba yoyo.

Sabo ya cire mini hula ba izini.

"Wanzam, dubi abin da zan kai gidan surukai. Wannan kai ko gonar gado?"

Gaskiya tun rasuwar ban zauna gaban wanzami ba. Na zauna. Dattijon ya jiƙa kan, ya fara daga dama, hannunsa da sanyi, yana ba ni labarin wani bature da ya taɓa ɗaukar hoton kukar. Ya gama ɓangaren dama ke nan, sai Sabo ya ga ya kamata ya duba abin da ke sa Tsohuwa tari. Ya tayar da ita a gindin kukar, ya murɗa mata wuta, hayaƙi ya turnuƙe ya bi sama. Abin da ba wanda ya gaya mana shi ne akwai masu haya a saman benen. Zuma ce.

Wanzamin ya riga kowa fita, da askarsa a hannu. Ban san ina da sauran gudu ba sai ranar. Sabo ya biyo ni da babur yana ihu in hau, na haye ta baya kamar ɗan kamasho. Ɗaya ta same shi a kunne, ni kuwa Allah ya tsare. Sai da muka koma kwalta na shafa kaina, na ji dama sumul, hagu daji.

"Mu koma ya ƙarasa," na ce.

"Koma kai kaɗai. Ni na gama da wannan unguwa." Ya miƙo mini hulata yana dariya har da hawaye, kunne na kumbura. "Danna ta sosai. Rabin mutunci ma mutunci ne."

Dutsen kuwa mun hau shi, don na ce ba zan wuce ba. Gwiwoyina suka yi ta ƙara kamar tsohon keken ɗinki. A sama muka tarar da akuya ta riga mu, tana kallonmu kamar mun shigo mata ɗaki. Na duba yamma, na ga ƙarfen sabis ɗin waya da wani abu mai ƙyalli. Sabo ya rantse kwanon shagona ne. Na duba gabas, na ga wani ƙarfen. Ya ce Kibiya ke nan. Ban iya cewa na ga garuruwan biyu ba, amma iskar wurin tana da daɗi, kuma akwai wani lafaffen dutse da ya yi santsi saboda zama. Na ɗan zauna a kai. Sabo ya yi kamar yana duba haƙoran akuyar har na tashi.

Iyakar Rano da Kibiya ba wani abu ba ne, 'yar gada ce a kan rafi da wani allo da rana ta cinye rubutunsa. Daidai tsakiyar gadar Tsohuwa ta yi tari biyu ta mutu.

"Ba ta da biza," in ji Sabo. "Sauka ka tura, kai ne mai mata a ƙasar."

Ya faɗa, sannan ya ji abin da ya faɗa. Ya sunkuyar da kai ya kama taɓa wayoyin babur. Na ce masa ba komai, na kama turi.

A ƙetaren gadar, gindin wata tsamiya, ga Bafulatana da ƙoren fura. Muka zauna ta dama mana. Da ta ji daga Rano muke, sai ta ce ko mun san wata mata mai fara'a da ke wucewa duk kaka da ɗaurin jar kuɓewa.

"Kullum a nan take hutawa. Ta ce mijinta tela ne, yana can yana ɗinke Rano, wai in ya tashi garin zai warware. Ta ce wata rana sai ta jawo shi ya sha furata, ko da igiya ne."

Sabo ya dube ni. Na ajiye ludayin, na gaya mata. Ta yi salati, ta rufe baki da gefen mayafi. Daga baya ta ƙara mini nono a ƙwaryar, ta ce, "To sha. Ai ta kawo ka." Na shanye. Furar ta fi ta Rano tsami, kuma ba a cika mata sukari ba. Haka marigayiya ke son tata, ni ina ta yi mata tsiya shekara da shekaru.

Tsohuwa ta tashi da kanta bayan ta huta, muka shiga Kibiya ana kiran azahar.

Masu tambayata yadda mutanen can suke, to mutane ne kamar mu, sai ɗan bambanci. Gaisuwarsu ta fi tamu tsawo. A Rano in an tambayi gida da aiki da gajiya an gama. A can sai da aka tambaye ni ruwa, da shuka, da hanya, aka dawo kan gajiya, sannan aka tambayi gajiyar Sabo daban. Malmalar tuwonsu kuwa in ka ɗora ta a kan babur sai an ɗaure. Kuma kowa ka tambaya hanya sai ya bar abin da yake yi ya raka ka, ko da ka san gidan.

Maigidan Yaya Abu malamin allo ne, ya sauke mu a zaure. Aka kawo dambu da zogale, an zuba man gyaɗa har yana ƙyalli. A nan matsalata ta fara. Yayar matar mutum suruka ce. Tun da na auri ƙanwarta ban taɓa cin abinci inda za ta ji motsin bakina ba, ban taɓa haɗa ido da ita ba, maganarmu ba ta wuce gaisuwa daga nesa. Ga shi tana zaune a bayan labulen ƙofar zaure, muna jin numfashinta. Na ɗan taɓa dambun na janye hannu. Sabo, da ba surukin kowa ba ne a garin, ya jawo kwanon gabansa.

"Kada a ce mun raina," ya ce. Bai raina ba, har ƙasan kwanon ya gani.

Da yake ba zan iya roƙo da bakina ba, tun a hanya muka shirya shi zai yi magana. Na ja masa kunne, mai lafiyar, cewa ya yi ta a natse. Ya gyara murya.

"Yaya, wannan bawan Allah noma zai fara da tsufansa. Mutumin da bai san kuɓewa ba sai a miya. Wai irin jar nan yake so, ta gidanku."

Daga bayan labule ta ce, "Ina nata?"

Sabo ya ba da labarin tukunyar toka. Wannan karon bai sa wasa ba.

"Allah sarki," in ji ta. "Nawa na shuka shi duka tun ruwan fari. Ya ma tsiro."

"To a ciro masa 'yan tsiron mana, mu tafi da su a leda."

"Malam Sabo, kuɓewa ba albasa ba ce. In ka tumɓuke ta ta gama."

Ta tashi ta shiga ciki. Na zauna ina kallon tabarma. Abin da ya rage shi ne in jira kaka, kuma kafin kaka bulo ya hau.

Mun yi niyyar juyawa bayan la'asar, sai hadari ya haɗo. Aka yi ruwa har magariba, aka ce rafin ya hau gada. Dole muka kwana a zauren. Masauki ba laifi, sai dai yana yoyo a wuri ɗaya, kuma wurin ya zaɓi ni. Akwai wani bunsuru da ya nuna mana tun kafin mu zo nan yake kwana. Da shi da Sabo ban san wanda ya fi minshari ba. Duk alwalar da na yi a garin a bayan katanga na yi ta, ina ɗaga hula ina mayarwa kamar mai ɓoye sata. Na roƙi Sabo ya nemo wanzami, ya ce duk wanzaman Kibiya sun tafi taro.

Da hantsi aka ce mu shiga tsakar gida mu yi sallama. Yaya Abu na zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana tsince shinkafa. Na shiga kaina a ƙasa kamar yadda ya kamata, shi ya sa ban ga igiyar shanya ba. Ta ɗauke hular tsaf, ta bar ta tana lilo.

Na tsaya a gaban surukata da rabin kai.

Ta ɗago. Ta mayar da kai ga shinkafa. Kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi ƙoƙari, na shaida ta yi ƙoƙari, amma dariyar ta ƙwace, har farantin ya karkace kaji suka taru. Maigidanta ya leƙo daga zaure, ya ce rabon da ya ji dariyarta tun kafin azumi.

"Malam Idi," ta ce tana share ido, "wa ya yi maka wannan aika-aika?"

Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar. Na ce wanzamin kuka ne, da taimakon Sabo da zuma.

"Kai ka shiga kogon kuka? Da ƙafarka?"

"Har dutsen na hau, Yaya. Na sha furar gada."

Sai dariyar ta tsaya. Hawayen dai ba su tsaya ba. Na tsuguna inda nake, ba hula, tunda abin da ake ɓoyewa ya riga ya fita. Na gaya mata da bakina zancen filin da bulon Sani. Na ce ban iya noma ba, gaskiyar Sabo ce. Amma duk safiya in na buɗe taga wurin nake fara gani, kuma ban shirya ganin bango a wurin ba.

Ta daɗe tana kallon kajin. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ɗaurin busasshiyar kuɓewa, ba a taɓa shi ba. Tun kafin ta iso na gane ƙyallen da aka ɗaure shi da shi. Atamfa ce shuɗiya mai ganye-ganye, ni na ɗinka wa marigayiya ita, ragowar ce ta tsince a ƙarƙashin kekena.

"Jiya ban yi maka ƙarya ba," in ji Yaya. "Nawa na shuka. Wannan nata ne, na bara. Hannunta ne ya ɗaure, na kasa kwancewa."

Na ce to a bar shi, ban zo in raba ta da shi ba.

"In ya kwana biyu a rataye ƙwari ne za su gaje shi." Ta zauna, ta sa farce ta kwance ƙullin a hankali. "Amma ka ji sharaɗi. Irin nan tun kakarmu ba a sayar da shi, ba a kyauta da shi. Aro ake bayarwa. Wanda ya karɓa, da kaka ya dawo da ɗauri, da ƙafarsa, ba aike ba. Kana tsammani yawo ne ke kawo ta duk shekara?"

"Har da yawon, Yaya," in ji Sabo daga baya.

"Har da yawon," ta yarda.

Ta fasa kuɓewar a faranti, 'ya'yan suka zubo suna ƙara. Ta nuna mini zurfin rami da gaɓar yatsa, ta ce in jiƙa su su kwana, in zuba uku-uku, kada in binne su kamar mai ɓoye tukunyar kuɗi. Ta ƙulle mini su a leda. Ƙyallen kuwa ta ninke shi ta sa a bakin zaninta. Ban nema ba, ita ma ba ta yi tayi ba. Sabo ya ciro mini hulata daga igiya, ya ce a bar ni haka ma na fi kyau.

A dawowa Tsohuwa ba ta mutu ko sau ɗaya ba, Sabo ya ce ta san hanyar gida. Ni dai hannuna ɗaya na kan aljihu har Rano.

Na shuka washegari. Matar Sani ta ji labari, ta tankaɗe toka mai laushi ta cika 'yar tukunyar nan ta mayar ƙarƙashin gado. Da Sani ya zo, na kai shi bayan ɗaki. Sun fito layi-layi, ƙafarsu ja. Layin bai miƙe ba, wanda abin kunya ne ga tela. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya ce bulon zai fi dacewa ta ƙofar gida.

Da yamma muna zaune na fara ba shi labarin tafiyar. Na bi ta kuka, na hau dutse, ban ma kai gada ba ya fara murmushi.

"Baba," ya ce, "nan da can ne fa."

Na buɗe baki, sai na ji amsar ta riga ni zuwa.

"Sai ka je tukuna."